Mai Shi Ya Yahe?

Mahaifina yana da wata tambaya da ta ishi kowa a gidanmu. In ka shigo da mangwaro a aljihu, ko ka tsinci igiya a bakin ruwa, ko maƙwabci ya manta gatarinsa a ƙofar gida ka ɗauka ka faskara ice, sai ya dube ka ya ce, "Mai shi ya yahe?" Haka muke faɗin yafe a wajenmu. Tungar masunta ce a bakin Kwara, kusa da Lolo, inda mutum kan fita neman akuyarsa ya tsinci kansa a ƙasar Benin bai sani ba. In ka ce ba ka tambaya ba, to komawa za ka yi ka tambaya, ko da rana ta take. Tun kafin a ƙaddamar da shari'a a jiharmu yake wannan tambayar. Da aka ƙaddamar, Inna ta ce mu kam babu abin da ya sauya mana, mun daɗe da alƙalinmu a zaure.

Abin da ya fi ba ni haushi ina saurayi shi ne, shinkafar da muke ci ta bayan fage take shigowa, a kan babura, ta hanyar da jami'an kan iyaka ba sa bi. Wata rana na ga na samu inda zan kama shi, na ce, "Baba, ita wannan fa, mai ita ya yafe?" Bai ko ɗago daga kwanon ba. Ya ce, "Mai shinkahwa da yardatai yas sai da abinai. Gwamnati ta ba ta yahe ba, ita ko ba ita tan noma ba." Ban sake ɗauko maganar ba.

Ni ne ɗan fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Da ina ƙarami "kai" nake. Da na gama karatun kwamfuta na samu koyarwa a wata sakandare a Bagudo, sai na koma "Malam", kuma yadda yake jan kalmar kowa ya san da tsokana a ciki. Koyarwar ita ke ciyar da ni, amma ba can zuciyata take ba. Tun a makaranta na faɗa cikin masu rubuta manhaja ta gayya: mutane ne warwatse a duniya, ba su san fuskar juna ba, kowa ya kawo abin da ya iya, kuma duk abin da aka rubuta a buɗe yake, kowa na iya karantawa ya gyara. Nawa ɗan ƙarfin a lokacin bai wuce fassara zuwa Hausa ba, da fafutukar ganin ƙ da ɗ da ɓ sun samu wurin zama a allon rubutu. Na ɗauki abin da zafi sosai. Wanda duk ya zauna kusa da ni a ofishin malamai sai ya sha wa'azi.

Kwamfutata ta tafi-da-gidanka ce, ta hannu, wani direban babbar mota ɗan tungarmu ya sayo mini ita a Kwatano. Maɓallanta na Faransanci ne, in ka nemi A sai ka sami Q, na daɗe ina zaginta kafin mu saba. Kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da ke tuƙa ta, wadda sauran duk a kanta suke zaune. Tawa ta zo da irin ta babban kamfanin nan da kowa ke amfani da ita, sai dai kwafi ce da aka fasa wa makulli a kasuwa, kamar yadda take a kusan kowane shagon buga takardu daga Bagudo har Kamba. Ban cire ta ba. Na raba cikin kwamfutar biyu, na zuba ta 'yan gayya a ɗaya gefen. In ka kunna, sai layi biyu su fito a baƙin allo, lamba tana ƙirgawa a ƙasa. Ka zaɓa, ko ka ƙyale ta shiga ta gayya da kanta.

Baba ne ya raɗa musu suna. Ta kamfani in tana tashi sai ta yi wani ɗan kiɗa, ta gayya kuwa shiru take tashi. Ranar da na fara zuwa gida da kwamfutar na kunna a zaure, ya ji kiɗan ya ce, "To, an kawo muna makaɗi." Daga nan suka zama Mai Kiɗa da Mai Shiru, har Inna haka take kiransu. Sai kuma abin da na san zai zo ya zo.

"Malam, shi Mai Kiɗan ga, wa ad da shi?"

Na ce wani kamfani ne a Amurka.

"Saye kay yi?"

Na ce da shi na sayi kwamfutar.

"Ba ita nit tambaye ka ba. Su masu shi, sun san yana hannunka?"

Na fara bayani. Na ce ba a sayar da na gaskiyar a nan, ko a Birnin Kebbi sai an sha wuya, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin malamin makaranta. Na ce ba a rage su da komai ba, nasu yana nan, kwafi ne kawai. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "Sun yahe?" Na ce a gaskiya a rubuce suka ce ba su yafe ba.

Da ya juya kan Mai Shiru sai na ji bakina ya buɗe, don nan ne gonata. Na ce masu wannan sun rubuta cewa kowa ya ɗauka, ya yi aiki da shi, ya gyara, ya raba. Sharaɗinsu ɗaya ne: in ka gyara ka miƙa wa wani, kada ka rufe masa abin da aka buɗe maka. Baba ya ajiye komar da yake ɗinki. Ya ce, "Wato sun yahe tun ba a roƙe su ba." Na ce haka ne. Ya ce, "Musulmi na?" Na ce akwai Musulmi, amma mafi yawa ba Musulmi ba ne. Ya ce, "To, sun san hakki." Sannan ya yanke hukunci: Mai Shiru ya shigo zaure duk lokacin da ya so, Mai Kiɗa kuwa in zan kunna shi in fita waje. Na yi shekaru ina karanta muhawarar manyan masana a kan wannan batu, ban ga wanda ya gama ta da sauri kamar shi ba.

Amma ban cire Mai Kiɗa ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce na ji kunyar hakan ba. Injin buga takardu na makaranta shi kaɗai yake ji. Jarrabawar ɗalibaina a kansa ake tambaya. Abokan gayyata na intanet, waɗanda wutarsu ba ta ɗaukewa, suna rubuto mini cewa mai ƙafa biyu ba ɗan gayya ba ne na gaskiya, ni kuwa in ce a raina ku zo Bagudo ku yi mako ɗaya mu gani. Wani abokin aikina, malamin lissafi, yakan ce in dai wannan sata ce, to ranar da aka fara yanke hannu babu mai buga takarda da zai saura a ƙaramar hukumar. Na taɓa tambayar wani malami a masallacin unguwarmu, ya ce ba satar haddi ba ce, amma malamai da yawa na ganin akwai cin haƙƙi a ciki. Na ɗauki rabin farko na amsar na riƙe, na ci gaba da zamana da su biyun.

Sai da na girma Inna ta gaya mini inda tambayar Baba ta samo asali. Yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Kakanmu ya bar musu babban jirgi na maɗaci, nasu su biyu. Wata shekara Baffa ya tafi su can ƙasa da ruwa, Baba ya ba surukansa aron jirgin su kai albasa kasuwa, bai jira ya tambaye shi ba. Jirgin ya daki dutse ya tsage, ba a fid da ko katako ba. Da Baffa ya dawo ya yi magana a zaure, gaban mutane, Baba ya ce masa shi ne babba, ba ya neman izinin yaro, kuma shi Baffa ba shi da komai a gidan nan sai abin da aka ba shi. Washegari Baffa ya ɗauki matarsa ya tsallaka Benin. Daga baya aka ji ya gangara har Kwatano yana sayar da busasshen kifi. Ina rarrafe lokacin. Bai sake taka tungarmu ba, Baba kuma bai sake taɓa abin wani ba tare da ya tambaya ba.

Direban da ya sayo mini kwamfuta shi ya kawo labarin cewa Baffa ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya mutu. Yana ji, yana ganewa, amma ba ya iya magana. Lokacin shi ma Baba ciwon zuciya ya kwantar da shi, ƙafafunsa sun kumbura, daga ɗaki zuwa zaure sai ya huta a hanya. Likita ya ce ko Bagudo kada a riƙa wahalar da shi, balle Kwatano. Ranar da labarin ya zo bai ci abinci ba. Da na zo hutun ƙarshen mako ya kira ni, ya ce yana son ya roƙi ƙanensa gafara kafin ɗayansu ya riga ɗaya.

Na ce ni zan tafi in kai saƙon. Ya ce ba aike ya ɓata su ba, da bakinsa ya faɗi maganar, da bakinsa zai janye ta. Na ce to a kira a waya. Ya ce, "In na roƙa, da mi za shi amsa mini?" Nan na ga inda matsalar take. Amsar Baffa sai dai a gan ta da ido, ko ya gyaɗa kai ko ya kau da fuska. Na ce akwai kiran da ake ganin juna ta kwamfuta, kuma a gindin ƙiryar bakin ruwa layin wayar Benin yana kamawa da ƙarfi. Direban ya haɗa ni da 'yar Baffa, ƙanwar da ban taɓa gani ba. Ta ce akwai maƙwabcinsu mai kwamfuta, zai ba ta aro ranar Juma'a bayan la'asar, kafin ya yi tafiya da ita. Baba ya saurara, ya ce, "Da wane za a yi?" Na ce duk wanda ya fi kyau. Ya ce, "Ba ni roƙon yahiya da abin da ba a yahe ba. Da Mai Shiru za a yi." Na ce to, don ban ga wata wahala a ciki ba.

Da muka gwada da ƙanwata ta wani shagon intanet na can, sai na ji ta fashe da dariya. Ta ce, "Yaya, kanka a ƙasa yake, kamar jemage." Ni ina ganinta daidai, ita tana ganina a kife. Na koma Mai Kiɗa na sake kira, komai ya fito tsaf. Ashe masu ƙera wannan samfurin a juye suka dasa 'yar kyamarar, suka sa gyaran a cikin manhajar da suka rubuta wa Mai Kiɗa kaɗai. Mai Shiru bai san da zancen ba, abin da ya gani shi yake aikawa.

Makon nan ban koyar da abin kirki ba. Da na fito aji sai ofishin malamai, in buɗe kwamfuta in yi ta tono. Na rubuta wa 'yan gayya. Wasu suka amsa da kirki, suka turo abin da zan gwada, na gwada ya ƙi. Wani ya ce in sayi wata kwamfutar, kamar a bakin titi ake tsintarsu. Na aika Kamba aka sayo mini kyamarar da ake maƙalawa, ta zo da faifai, faifan kuma na Mai Kiɗa ne. Na yi fushi da Mai Shiru a makon nan fiye da yadda na taɓa fushi da wani abu mara rai. Na yi shekaru ina kare shi a gaban mutane, rana ɗaya da na buƙace shi ya juya mini uba a kife. Gyaran na same shi daga baya, layuka kaɗan ne, na aika aka karɓa, kuma shi ne gyarana na farko da ya shiga cikin Mai Shiru. A wannan ranar na goge Mai Kiɗa daga kwamfutata. Amma lokacin an riga an yi sadakar arba'in ɗin Baba.

Ranar Juma'ar da safe na iso gida hannu wofi, na gaya wa Inna a madafa. Ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce, "Kiɗan ba a kashe shi? Kashe kiɗan ka kunna Mai Kiɗan. Shi mi yas sani cikin allon ga?" Na ce zai zama na yaudare shi. Ta ce, "Mutanen ga biyu kowane ƙahwa guda tana kabari, kai kana zancen kamfanin Amurka. In ƙanen nai ya gane shi kihe ya zaci wasa aka yi mishi hwa? In akwai zunubi ni na ɗauka." Har yau ban ce ta yi kuskure ba. Ita ta zauna da mutumin nan tana kallon abin yana cinsa tun ina goye. Na ɗauki abin sauraro na kunne na sa a aljihu, don in aka cusa shi a kwamfutar, kiɗan ba ya fita waje.

Bayan la'asar maƙwabta suka ɗauko Baba a kujera zuwa gindin ƙirya. Ya sa an ba shi farar rigarsa ta Idi da jar dara. Aka ajiye turmi a kife a gabansa, na ɗora kwamfutar a kai. Inna ta tsaya a bayana da mayafinta. Na cusa abin kunnen, na danna maɓalli, layukan nan biyu suka fito, lamba ta fara ƙirgawa. Yatsana yana kan maɓallin da zai sauko da ni kan Mai Kiɗa. Na saci kallon Baba, na ga ko allon ba ya dubawa. Ruwa yake kallo, leɓɓansa suna motsi, yana maimaita abin da zai faɗa. Bai ga dalilin sa mini ido ba, ya riga ya gaya mini kuma na ce to. Tausayinsa ya kama ni, da tsoron kada in lalata masa wannan rana ko ta nan ko ta can. Ba zan ce na yi wani zaɓi na jarumta ba. Yatsan ne ya ƙi motsi har lambar ta ƙare, Mai Shiru ya tashi. Na ji Inna ta ja tsaki a hankali.

Kiran ya shiga. Fuskar ƙanwata ta fito, ta gaishe mu, sannan ta juya kwamfutar. Ga wani tsoho a jingine da matasai, gemu fari, gefen bakinsa ya zube. In ban da wannan, Baba ne sak. Na ji numfashin Baba ya sauya.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, har yanzu fa Baba a kife yake."

Baba ya ce, "Mi tac ce?" Na gaya masa gaskiya a gajarce, na ce na kasa gyarawa. Sai dabara ta zo mini, na ɗaga kwamfutar na juya ta, allo a ƙasa maɓallai a sama, na riƙe a gabansa. Ƙanwata ta ce yawwa, yanzu ya miƙe. Amma yanzu Baffa ne ya koma a kife a idon Baba. Dole ɗayansu ya ga ɗan'uwansa a juye.

Baba ya ce, "Malam, aje ta yadda take. Ina son in ga huskatai daidai. Ni ko bari in zo mishi da kai ƙasa. Haka ya kamata in zo tun tuni."

Na mayar da ita kan turmi. Ya gyara zama, ya kira ƙanensa da sunan da uwarsu take kiransa, wanda ban taɓa ji ba. Ya ce, "Jirgin Baba namu na mu biyu. Na ba da shi ban tambaye ka ba. Kuma na hwaɗa maka magana gaban mutane wadda ba gaskiya ta ba. Gidan ga naka na. Ka yahe mini, don Allah."

Daidai nan hoton ya tsaya. Layin ya riƙe, fuskar Baffa ta daskare, ido a buɗe, ba a san me take cewa ba. Baba ya ƙura wa allon ido, ni kuma ina ta salati a zuci ina zagin kaina da ban bi maganar Inna ba, ko da yake layi ba ruwansa da Mai Kiɗa ko Mai Shiru.

Da hoton ya motsa, wani sauti muka fara ji, kamar tari kamar kuka. Jikin Baffa yana girgiza, yana nuna allon da hannunsa mai lafiya. Ƙanwata ta leƙo, ita ma hawaye a fuska, ta ce, "Dariya yake yi. Tun da ya faɗi bai yi dariya ba. Hularka yake nunawa, Baba, wai ta ƙi faɗuwa." Baba ya kai hannu ya taɓa darar, sai shi ma dariyar ta ƙwace masa, ta haɗu da tari har sai da Inna ta riƙe masa kafaɗa. Da suka lafa, Baba ya sake cewa, "Ka yahe?" Baffa ya ɗora hannun nan a ƙirjinsa ya yi ta gyaɗa kai, hawaye suna bin gefen bakin da ya zube, bai daina ba har ƙanwata ta dafa shi.

Sun daɗe suna kallon juna, Baba yana ba shi labarin waɗanda suka mutu da waɗanda suka yi jikoki, har batirin ya fara kuka. Da allon ya mutu, maƙwabta suka matso za su ɗauki kujera, ya ɗaga musu hannu su dakata. Ya juyo ya dube ni, idonsa jawur, na zaci tambayar nan tasa zai yi mini a kan wani abu. Sai ya ce, "Malam, mai shi ya yahe."